Shekarar da Larai Ta Dawo Gida

Akwai maganar da kuka daɗe kuna jin gutsattsarinta a bakin mutane, wani ya ba ku kai, wani ya ba ku ƙafa, ni kuwa da abin ya faru a tsakar gidana ban taɓa zaunar da ku na faɗa muku ba. A lokacin duk kun watse, masu aure suna ɗakunansu, masu karatu suna Katsina da Zariya, sai dai ku bugo waya ku ce, Inna, wai mun ji kaza, in ce muku lafiya lau, ku yi abin da ke gabanku. Yanzu da gwiwa ta fara ƙi, ido ya fara hazo, na ga gara ku ji daga bakina tun ina iya riƙe alƙalami.

Wanda kuke kira Kawu Bala autanmu ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ni na goye shi a Gangara. Tun yana rarrafe hankalinsa na wajen murhu. In yara maza sun fita farautar ɓera, shi yana gindin Innarmu yana tsince shinkafa, ko ya ɗauki ɗankwalina ya ɗaura ya yi ta juyi. Babanmu ya yi faɗa, ya yi duka, ya karɓo rubutu, ya kai shi gona tun asuba don ya saba da aikin maza. Ya yi noman kuwa, bai taɓa ƙi ba, amma babu abin da ya sauya. Da ya tasa sai ya bar gida ya koma tashar Magama da ke bakin boda, wurin masu dafa abincin nan da mutane ke kira 'yan daudu. Can suka raɗa masa Larai, tun da dama ranar Laraba aka haife shi. Shekaru da yawa bayan haka, muna zaune mu biyu, na ji wannan roƙo:

"Yaya, a gaban mutane ki kira ni yadda kika ga dama. Amma in muna mu kaɗai, don Allah ki ce mini ke."

Na ce to. Saboda haka a wannan babi ita zan ce, ku yi haƙuri da ni in bakinku bai saba ba.

Larai ta yi suna a tasha. Direbobin tirela da na kamyo masu zuwa daga Maraɗi, da 'yan kamasho, da ma'aikatan kwastan, kowa ya san rumfarta, ya san miyar taushenta da dambun naman da take yi. Ni ina koyarwa a firamare, babanku yana kan keken ɗinkinsa a zaure, ita tana can, ba mu cika haɗuwa ba. Da Sallah takan aiko da kwano shaƙe da nama, ta zo gaisuwa ta tsaya daga bakin ƙofa. Babanku yakan amsa gaisuwa, bai ƙara, bai rage. Na san kuma lokaci lokaci tana ƙetarawa Maraɗi, ta ce sarin taliya da kayan miya. Ban taɓa kawo komai a raina ba.

Sai aka rufe boda. Ku da ba ku nan ba za ku san yadda garin ya koma ba. Tireloli suka yi layi har ciyawa ta tsiro a ƙarƙashinsu, daga baya ma suka watse. Tashar da ba ka jin maganar na kusa da kai saboda hayaniya ta zama sai awaki. Masu rumfuna suka kife tukwane. Ni a lokacin na yi ritaya, ina ɗan koya wa yaran unguwa karatu da yamma a tsakar gida. Watanni suka wuce ban ga Larai ba, na ɗauka ko ta tafi Kano neman abin yi kamar yadda wasu suka yi.

Wata rana da hantsi aka yi sallama. Na leƙa na ga Hajiya Kulu, tsohuwar da ta riƙe Larai tun zuwanta tasha, ita ma irinsu ce, su ke ce mata uwa. Ba ta taɓa taka ƙofar gidana ba. Ta ƙi shigowa, ta tsaya tana murza gefen mayafi.

"Malama, ƙanwarki na kwance. Mun yi iya yinmu. Ta hana a gaya miki, amma ni ba ni iya ɗaukar wanga alhaki."

Na zari hijabi na bi ta. Ɗakin yana bayan tasha, ƙaramin ɗaki ne mai rufin kwano, zafi kamar tanda. Da na shiga ban gane mai kwanciyar ba. Larai da na sani mai jiki ce, mai dariya har ana jiyowa daga titi. Wadda na tarar ƙashi ce da fata, leɓe ya tsage, tari yana tuƙe ta har sai ta dafe bango. Ta gan ni ta juya fuska. Na zauna a bakin katifa na kama hannunta, zafi kamar garwashi. Na ce mata ta tashi mu tafi asibiti. Ta girgiza kai. Na sake faɗa. Sai ta ce wa Hajiya Kulu ta ba mu wuri.

"Yaya, ciwon nan ne. Ƙanjamau, wanda can Nijar suke ce wa sida. Na daɗe da shi. Ba taliya ke kai ni Maraɗi ba, magani nake karɓowa. Ina shan shi kullum, lafiyata ƙalau, ke ma shaida ce. Da aka rufe hanya ya ƙare."

Abin da ya fito daga bakina tambaya ce: me ya sa Maraɗi, alhali ga asibiti a nan, kuma na ji ana cewa maganin kyauta ne? Ta ce farkon abin a nan ƙasarmu ta je, wani asibitin da ba zan faɗi sunansa ba. Ta saka riga da hula kamar kowane namiji, amma murya da tafiya ba sa ɓuya. Mai ba da kati ya ɗaga murya ya ce, kai ko ke, layin maza za a bi ko na mata? Aka kwashe da dariya. Wani saurayi ya ɗaga waya yana ɗaukarta. Wata mata ta janye ɗanta. Ta fito ba ta ga likita ba, ta yi rantsuwa ba za ta sake ba. A Maraɗi kuwa babu wanda ya san ta, babu wanda ya san Gangara balle ya kai labari gidanmu. Da aka rufe boda ta gwada bin hanyar daji a kan babur, jandarman Nijar suka koro su, kuma lokacin ana ta tare mutane a dajin, mai babur ɗin ya ce ko nawa za a ba shi ba zai koma ba.

"Gara in mutu a nan da in koma a yi mini dariya, Yaya. Mutuwa sau ɗaya ce."

Na ce mata ba za ta mutu a bayan tasha ba ina raye. Na ce ta jira ni.

A hanya na tuna gidan ba nawa ba ne ni kaɗai. Na tarar da babanku yana ɗinki. Na durƙusa a gefen keken na faɗa masa komai, ban rage ko kalma ba, har sunan ciwon. Na ce ina so in kawo ta ɗakin da ke kusa da rijiya. Bai daina taka keken ba sai da ya kai ƙarshen layin. Ya yanke zare da haƙori.

"Malama, kin san abin da za a ce?"

Na ce na sani.

"Kin san ni ban yarda da wannan rayuwa tasa ba, kuma ba yau zan yarda ba."

Na ce na san wannan ma.

"To, je ki ɗauko shi. Mara lafiya ne. In ya miƙe ma yi magana."

Da la'asar muka kawo ta a keke napep, ni da Hajiya Kulu muna riƙe da ita. Unguwa ta gani. Kafin kwana biyu yayan babanku, Baffanku Alhaji Mamman, ya iso zaure. Ina daga ciki ina leƙe, ina jin muryarsa. Ya ce gidan nan gidan mutunci ne tun kakanni, ba za a mayar da shi masaukin 'yan daudu ba, ya ce ko a fitar da shi ko shi ya cire ƙafarsa. Babanku ƙane ne, bai taɓa ɗaga ido ya kalli yayansa ba. Ranar ma bai ɗaga ba. Na ji ya ce a hankali:

"Yaya, ka yi haƙuri. Wanda ba ya iya ɗaga kofin ruwa, ina zan kore shi ya je? In na fitar da shi ya mutu a titi, kai za ka amsa mini tambaya gobe ƙiyama?"

Baffanku ya tashi ya fita. Wannan ne dalilin da ya sa ba ku ƙara ganinsa a gidanmu ba, ba rigimar gona ba ce kamar yadda aka gaya wa wasunku. Yaran da nake koya wa karatu ma aka janye su ɗaya bayan ɗaya, har tabarmar ta zama babu kowa. Matan da muke zuwa biki tare suka daina aiko mini da goron gayyata. Maƙwabciyata da muka shekara muna musayar kwano ta katanga, na aika mata da ɗanwake, aka dawo da shi ko buɗewa ba a yi ba. Ba zan ce bai yi mini ciwo ba. Na yi kuka a madafa ba sau ɗaya ba. Amma kowace safiya in na leƙa ɗakin na ga ƙirjin Larai yana motsi, sai in ji sauran duk ƙanana ne.

Saura asibiti, don ita har lokacin tana kan bakanta. Sai na tuna da Hadiza, wata yarinya da na koyar a aji huɗu, mai yawan tambaya, wadda na ji ta zama ma'aikaciyar jinya kuma tana ɓangaren masu irin wannan ciwo. Na tafi ni kaɗai. Ta gan ni ta taso da gudu ta rusuna, ta ja ni ɗakinta. Na faɗa mata wace ce Larai, na faɗa mata abin da aka yi mata a baya. Da na gama sai ta ce:

"Malama, ki kawo ta gobe bayan azahar, lokacin layi ya watse. Kada ku tsaya wajen kati. Ku miƙo nan kai tsaye, ni zan yi komai."

Na koma na gaya wa Larai. Ta ce a'a. Na ce mata ni na goya ta tana jaririya, in ta ƙi tafiya da ƙafarta zan sake goya ta, kowa ya gani. Ta yi wata 'yar dariya da ta ƙare da tari, amma washegari ta bari na saka mata riga.

Abin da Hadiza ta fara yi shi ne abin da ban taɓa mantawa ba. Ta rufe ƙofa, ta jawo kujera kusa, ta ce:

"A takarda dole in rubuta sunan da ke kan katin shaida. Amma ni da baki, wane suna ake so in kira?"

Larai ta dube ni, ta dube ta.

"Larai."

"To Larai, sannu da jiki. Kin sha wuya. Bari mu ga abin da za mu yi."

Hawaye kawai na ga suna bin kumatunta. Aka ɗebi jini, aka karɓi majina. Aka gano ban da wancan ciwon har tarin fuka ya shige ta, saboda garkuwar jikinta ta faɗi da ta daina shan magani. Aka fara ba ta na tarin, bayan ɗan lokaci aka mayar da ita kan nata na kullum. Hadiza ta zaunar da ni ta yi mini bayani dalla dalla. Ta ce tarin ne ake ɗauka ta iska, don haka a bar taga a buɗe, a kula sosai a makonnin farko, kuma ni da babanku mu zo a duba mu. Wancan kuwa ba a ɗaukarsa ta kwano, ko kofi, ko wanki, ko zama tare. Ta ce wanda ya riƙe maganinsa zai iya tsufa kamar kowa.

Watannin da suka biyo baya ba su da labari mai daɗin ji. Kunu cokali cokali, amai, wanki, zazzaɓi ya tafi ya dawo. Akwai ranar da na tabbata ba za ta kai magariba ba. Sai a hankali tari ya fara sassautawa. Ta fara zama da kanta. Ta fara fitowa tsakar gida shan hantsi. Rigunanta duk sun yi mata yawa, tana yawo a ciki kamar an rataye su a ƙusa. Wata safiya na nemi rigunan a igiya na rasa. Na leƙa zaure na tarar da babanku ya kwashe su yana rage musu faɗi. Ya ninke ya miƙo mini. Maganar da ya ce za a yi in ta miƙe, har yau ban ji an yi ta ba. Ra'ayinsa bai sauya ba, ya sha faɗa mini haka, amma in zai fita masallaci yakan tsaya a ƙofar ɗakin ya ce, "Bala, an sha maganin?"

Da ƙarfi ya fara dawo mata sai ta shiga damuwa da 'yan uwanta na tasha. Ta ce mini akwai waɗanda suke kamar ita, wasu sun san suna da ciwon sun ɓoye, wasu tsoron gwajin ma suke yi, ga tsoron kada a je asibiti a ƙare a hannun masu kame. Ta yi wa Hadiza maganar. Hadiza ta je ta samu likitan da ke sama da ita, suka ware yammacin wata rana a mako, ba tare da an rubuta komai a allo ba, wanda ya zo a shigar da shi kai tsaye. Ba kowa ya so ba a cikin ma'aikatan, na ji an yi ta gunaguni, har wani ya ce shi ba zai taɓa su ba. Likitan ya ce masa asibiti ba kotu ba ne. Larai ce take kawo su, ɗaya ɗaya, bibbiyu, tana tafiya da sanda tana lallashi. Wata yarinya cikinsu, Asabe, an makara da ita, ta rasu bayan an kwantar da ita. Larai ta yi kwanaki ba ta magana. Sauran kuwa suna nan, ina ganinsu. Hajiya Kulu, da ta fi kowa tsoro, har wasiyya ta bari kafin ta shiga. Aka gwada aka ce ba ta da shi, sai dai hawan jini. Ta fito tana faɗa wai an ba ta tsoro a banza, yanzu kuma an hana ta gishiri.

Ranar da nake so ku riƙe ita ce ranar da muka koma karɓar sakamakon jinin da aka aika Katsina. Hadiza ta duba takardar ta ɗago tana murmushi.

"Larai, ƙwayar cutar ta kwanta. Ta yi ƙasa har na'ura ba ta iya ganinta."

"Na warke ke nan?"

"A'a, tana nan, kuma in kika bar magani za ta tashi. Amma muddin kina sha, ba za ta kayar da ke ba. Tarin kuwa ya tafi gaba ɗaya."

Ban san na shekara ina ɗauke da dutse a ƙirji ba sai da aka sauke shi. Na yi ta alhamdu lillahi har Hadiza ta kawo mini ruwa. Muka fito, rana ta yi sanyi, muka tako a ƙasa maimakon hawa keke. Daidai wurin mai tsire Larai ta tsaya ta ce yunwa take ji, yunwa ta gaske, irin wadda ta manta da ita. Ni da ban taɓa cin abu a titi ba tun ina budurwa, na zauna a bencin mai tsire da hijabina, muka ci, mutane suna wucewa suna kallo. Ta ce yajin bai ji citta ba. Na ce ta ci ta yi shiru.

An buɗe boda daga baya, tasha ta farfaɗo, Larai ta koma kan tukwanenta. Ba ta ƙara zuwa Maraɗi karɓar magani ba, nan take karɓa, tafiyar ƙafa. Da rana tana rumfa, da yamma ta dawo gida.

Ban rubuta wannan don ku yarda da duk abin da take ba. Kowannenku da karatunsa da fahimtarsa, hisabi kuma na Allah ne. Abin da nake nema a wurinku kaɗan ne. Na girme ta nesa ba kusa ba, kuma bisa al'ada ni zan riga ta tafiya. In hakan ta faru, kada wanda ya ce mata ta tattara kayanta. Ku riƙa tambayarta ko ta sha magani. In ranar asibiti ta zo kuma ƙafarta ta gaza, ɗayanku ya kama hannunta ya raka ta har ciki, ya zauna kusa da ita, kowa ya gani.